Me ya sa aka sauya wa bagaruwa suna?

Ɗan Majema, Birni:
Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, bana zan yi bak, jarrabawar kammalawa. Mahaifina majemi ne, tun ina ɗan ƙarami nake daka masa bagaruwa, har tafin hannuna ya rine. Cikin tsohon littafin yayana sunanta Acacia nilotica. Jiya na duba intanet na ga Vachellia nilotica. Na duba dakwara, ita ma ta koma Senegalia senegal. Itacen dai bai sake ba, ƙayar nan ce, ƴaƴan nan ne. To wa ke raba wa tsirrai dangi, kuma da wane ma'auni? Abin ya tsaya min a rai, don Allah a warware min.

Malamin SVT (kimiyyar halittu da ƙasa):
Wa alaikumus salam, ɗana. Tsarin suna biyu na wani masani ne ɗan Suwidin, Linnaeus, wanda ya daidaita shi ga tsirrai a 1753. Na farko sunan gida, na biyu sunan itacen kansa. A lokacin da ido ake aiki: a duba fure, a duba ƴaƴa, masu kama a haɗa su wuri guda. Bayan littafin Darwin na 1859 kan asalin halittu sai masana suka koma neman wa ya haɗa kaka da wa. Ka san a Damagaram mutum biyu za su yi kama kamar an tsaga kara alhali ba su haɗa komai ba. Ƙa'idar yanzu ita ce suna ɗaya ya tattara zuriyar kaka ɗaya, kar a bar kowa a waje, kar a cusa bare. Da aka gwada DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halitta, na itatuwan da ake kira Acacia, sai aka tarar zuriya ce daban-daban aka zuba a kwando ɗaya. Dole aka raba.

Kuma ba sai da na'ura ba. Gobe ka karyo reshen kowacce. Bagaruwa ƙaya biyu ce dogaye, farare, miƙaƙƙu, a gindin ganye, furenta rawaya ne dunƙule. Dakwara ƙaya uku ce gajeru masu ƙugiya, ta tsakiya ta sunkuya ƙasa, furenta kuwa dogo ne fari-fari. Bambancin yana nan tun fil'azal.

Tsohon ma'aikacin gandun daji:
Malam ya faɗi gaskiya, amma bai kawo wurin da ke yi min ciwo ba. Da aka raba, wa zai riƙe sunan Acacia? A bisa ƙa'ida namu ne, don bagaruwa ita ce abin misalin da aka kafa sunan a kanta tun 1754. Sai mutanen Ostireliya suka ce su ke da iri kusan 1000, sauya musu suna wahala ce. A taron masana tsirrai na Viyana a 2005 aka ba su, a 2011 a Melbon aka sake tabbatarwa. Raba dangin ilimi ne, ban musa ba. Amma ba da sunan, ƙuri'a ce aka yi, kuma mai yawan iri ya ci. Shekara talatin ina rubuta Acacia a kan allunan gandun renon itace daga Mirriya zuwa Magariya, har yau hannuna shi yake fara rubutawa.

Gawo ma haka aka yi masa tun 1934, wani masanin tsirrai ɗan Faransa, Chevalier, ya cire shi daga Acacia ya sa masa Faidherbia, sunan wani gwamnan mulkin mallaka na Senegal. Itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana, ya yi kore shar da rani, a ce da sunan gwamna ake kiransa.

Mai binciken hatsi:
Baba, ka yi haƙuri, zan ƙara maka wani. Hatsi, wato gero, da muka sani da Pennisetum glaucum, tun 2010 masana da yawa suna rubuta shi Cenchrus americanus. Cenchrus kuwa gidan ƙarangiya ne. Ranar da na fara karanta wannan na ƙi yarda, sai da na ɗauko zangarniya na murje, na sa ta gefe da ƙarangiyar da na cire daga zanena. Ƴan gasun nan da ke kewaye da ƙwayar hatsi, su ne a ƙarangiya suka yi tauri suka zama ƙaya. Na daɗe ina kallonsu a kan tebur. Ƙanena, a jarrabawa ka rubuta sunan da ke cikin darasinka, tsohon sunan ba laifi ba ne, masana suna ajiye shi kusa da sabon.

Ɗan Majema, Birni:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Ban jira gobe ba, Malam, na karyo su bayan la'asar, ƙugiyar dakwara har ta yage min hannun riga. Uku ce kamar yadda ka ce. Na nuna wa mahaifina, ya ce shi bai taɓa ɗaukar su dangi ba: ɗaya ta jima ce, ɗaya ta ƙaro. Yanzu saura kandili da farar ƙaya, su kuma wane gida aka kai su?