Jirgin Bauchi Ko Na Zariya?

Garba Mai Taya: Salamu alaikum jama'a. Wallahi mu dai ba mu iya riƙon kaya ba. Wani bidiyo aka turo min daga yankin Wales na Birtaniya, wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa mai amfani da kwal yana ta tuƙa hayaƙi, cike da 'yan yawon buɗe ido. Kan jirgin ma na Saliyo ne, a 1975 suka saye shi da aka rufe reluwen can, suka kai layin Welshpool suka gyara. Faɗin dogonsu ƙafa 2 da inci 6, daidai da na jirgin Bauchi da muka taɓa yi, wanda aka rufe a 1957. Da an bar ko mil goma ne, da yau ana cin abinci da shi. Saura 'yan kawunan jirgi a gidan tarihi na Jos, a tsaye kamar an dasa su.

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Alhaji, wane jirgin Bauchi kuma? Daga Zariya ya tashi, ya bi ta Rahama, ya hau Jos ya tsaya Bukuru a 1914. Ko ƙofar Bauchi bai taɓa gani ba.

Ɗan Yakubu: To kai ka raɗa masa suna? Bauchi Light Railway aka rubuta, je ka goge.

Bazazzagi: Turawa ne suka rubuta, su da ba su san gabas ba.

Malama Talatu: Ku tsaya. Lokacin Jos tana ƙarƙashin Lardin Bauchi ne, sai 1926 aka yanke Lardin Filato. Sunan lardi ya ci, ba na gari ba.

Ɗan Yakubu: Allah Ya saka, Malama. Kun ji ko? Har Jos ɗin ma tamu ce a da.

Jos Ta Gidanmu: Taku a ina? Malam kar ka fara. Kuzar da jirgin ke kwasa a ƙasar wa aka haƙo ta? Ramukan nan da suka cika da ruwa a Bukuru, a Bauchi suke?

Ɗan Yakubu: Ni tarihi na faɗa.

Jos Ta Gidanmu: To ga wani tarihin: Bauchi ba ta ga jirgi da idonta ba sai da aka ja layin Barno, wanda ya isa Maiduguri a 1964. Mu tun 1927 babban layi ya iso mana ta Kafanchan.

Garba Mai Taya: Jama'a ni fa maganar adanawa nake yi.

Baba Tanko Reluwe: 'Ya'yana, babban layin da ake faɗa shi ma siriri ne, ƙafa 3 da inci 6. Mai faɗin sosai shi ne irin na Abuja zuwa Kaduna. Wancan ƙaramin kuwa ban same shi ba, amma mahaifinmu ya yi aikin zuba kwal a cikinsa. Ya ce in aka zo hawan tudu sai ka ga riga ta jiƙe sharkaf, shebur ba ya sauka daga hannu, ido ya yi ja, jirgi kuma yana nishi yana rarrafe. Da babban layi ya zo, kuza ta koma bin Fatakwal, shi ke nan kasuwarsa ta fara mutuwa.

Bakanon Asali: Allah Ya ƙara lafiya Baba. Amma duk surutu ne, jirgi Kano ya nufa tun 1911, saura duk rassa ne.

Bazazzagi: Ta ina ya bi kafin ya iso muku? Sai da ya sha ruwa a Zariya tukuna.

Bakanon Asali: Ai matafiyi ma yana tsayawa a ƙauye ya yi fitsari.

Bazazzagi: Admin ka ga wannan ko? Zazzau ce ƙauye?

Malama Talatu: Kai Bakano, ka janye.

Bakanon Asali: Tsakaninmu ne Malama, bawana ne.

Ɗan Yakubu: Har yanzu dai ba wanda ya goge sunan Bauchi.

Jos Ta Gidanmu: Ku zo ku ɗauki kan jirgin mana, in naku ne. Yana nan kusa da gidan zu.

Garba Mai Taya: Indiya ma sun riƙe nasu na Darjeeling, har UNESCO ta sa shi a jerin kayan tarihin duniya a 1999. Ba mai cewa komai a kan wannan?

Admin (Tudun Wada): To, a rufe haka, an kira Magariba. Abin da na fahimta: kowa ya yarda daga Zariya jirgin ya tashi, don haka jirgin Zariya ne, sunan Bauchi aro ne. Ɗan Yakubu bai kawo hujja ba. Bakano zai ba da haƙuri kafin gobe ko in cire shi. Alhaji Garba, bidiyon naka bai buɗe min ba, sake turowa.

Ɗan Yakubu: Admin ɗin ma ɗan ina ne?