Tambaya a kan Yohanna 5: me ya sa mutum ɗaya kawai Yesu ya warkar?

Maman Biyu, Badawa:
Salama 'yan'uwa cikin Kristi. Don Allah ina da tambaya, a zumuntar mata muka karanta Yohanna 5, labarin tafkin Baitasda kusa da Ƙofar Tumaki, an ce shirayi biyar ne cike da makafi da guragu da shanyayyu amma Yesu ya zo ya warkar da mutum ɗaya tak ya wuce abinsa. Toh sauran fa? Wata mama ta ce wai shi kaɗai ne mai bangaskiya shi ya sa, gaskiya maganar ta tsaya min a rai don ɗana na fama da sikila kuma ba irin addu'a da azumin da ban yi ba. Kenan tawa bangaskiyar ce ba ta kai ba?

Dattijo, Sabon Gari:
'Yata sannu, Allah ya ba yaron sauƙi. Ki sake buɗe wurin ki karanta a tsanake, ina bangaskiyar take? Mutumin nan shekara 38 yana kwance, Yesu ya tambaye shi ko yana so ya warke, ko "i" bai ce ba, sai ƙorafi ya kama, shi ba shi da mai saka shi a ruwa, kullum wani sai ya riga shi. Bai roƙa ba, Yesu ne ya je inda yake. Abin ma da ya fi ba ni mamaki, da shugabannin Yahudawa suka tare shi don ya ɗauki tabarma ran Asabar suka ce wa ya sa ka, ko sunan wanda ya warkar da shi bai sani ba, duba aya 13. Da cancanta ake bi ai da ba shi za a zaɓa ba, jinƙai ne zalla. Dalilin barin sauran kuwa nassi bai faɗa ba, kar wani ya ƙirƙiro miki. Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi, kuma shi da kansa ya bar Tarofimas a Militas ba lafiya. Wa zai ce Bulus ba shi da bangaskiya?

Ɗan Kwaya:
Baba a gafarce ni, ni dai ban yarda gaba ɗaya ba fa. Da Yesu ya ce masa tashi ai ya tashi, wannan ba bangaskiya ba ce? Kuma Bartimawas da matar nan mai zubar jini shekara 12 ƙarara aka ce musu bangaskiyarsu ce ta warkar da su.

Dattijo, Sabon Gari:
Haka ne ɗana, su an faɗa musu, shi ba a faɗa masa ba. Kuma aya 9 ta fara cewa ya warke ne sannan ya ɗauki tabarmar, ba tashin ne ya sayo masa lafiyar ba.

Anti Nas:
Ni kam "ba ni da kowa" ɗin nan ne ke karya min zuciya, don a wajen aiki kullum muna ganinsu, mutum na kwance a gado ba mai jinya ba mai sayo masa magani, lokacin ziyara ya yi sai ya juya fuska bango, alhali ran Lahadi cocinsa cike take maƙil ana ta rawa. Maman Biyu ki cire wannan tunanin, sikila gado ce ba horo ba, in uwa da uba duk AS ne kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi SS, ko fasto ne ko wa. Kuma don Allah kar wani mai addu'a ya ce ki daina ba shi magani wai don nuna bangaskiya, na ga inda hakan ya kai mutane. Mishan ɗin da suka buɗe asibitin ido na ECWA nan Kano a 1943 ai masu addu'a ne, amma likita suka kawo. Yaron naki ya riƙa shan ruwa sosai, a rufa masa jiki yanzu da hunturu ya shigo, a sa gidan sauro.

Maman Biyu, Badawa:
Na gode Baba, na gode Anti, har na ɗan ji sanyi. Amma aya 14 fa, da Yesu ya sami mutumin a Haikali ya ce kar ya ƙara zunubi kada abin da ya fi wannan ya same shi?

Dattijo, Sabon Gari:
Wannan gargaɗi ne ga shi mutumin, ba hukunci kan kowane mara lafiya ba. Ki buɗe sura 9, almajirai suka tambaya kan wanda aka haifa makaho ko zunubinsa ne ko na iyayensa, Yesu ya ce ba ko ɗaya. Ki kai wa maman nan wurin ku karanta tare, amma a hankali, banda faɗa.