Shin CD56 kaɗai ya isa a tabbatar da sankarar huhu mai ƙananan ƙwayoyi?

Ɗalibar Idi-Araba ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina. Ina karatun likitanci a nan Legas, kuma an koya mana cewa wannan nau'i, wanda bai wuce kashi 15 cikin ɗari na sankarar huhu ba, ana gane shi ne idan aka rina naman da aka ciro aka samu wani furotin mai suna CD56 a fatar ƙwayoyin. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, me ya sa ake ƙara neman wasu furotin kamar synaptophysin da chromogranin da sauransu, in har wannan ɗaya yana fitowa a kusan kowane majiyyaci?

Ma'aikacin ɗakin gwaji daga Agege ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bai isa ba. CD56 shi ne NCAM, furotin da ke manna ƙwayoyin jijiya da juna, kuma tun taron da masana suka yi a Landan a 1987 kan alamomin wannan sankara aka ware shi a rukuni na ɗaya, kafin daga baya a gane ko wane furotin ne. Yana fitowa a wajen mutum 9 cikin 10 masu wannan sankara, kuma babban amfaninsa shi ne, ƙwayoyin wannan sankara suna da laushi, sau da yawa suna murƙushewa lokacin ciro su har siffarsu ta ɓace a ƙarƙashin madubi, amma rinin CD56 yakan kama duk da haka. Matsalarsa ita ce bai keɓanta da wannan sankara ba: ana samunsa a ƙwayoyin garkuwa na NK, da wasu nau'o'in limfoma (sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki), da carcinoid (wani ƙari mai girma a hankali). Shi ya sa ake duba CD45, alamar fararen ƙwayoyin jini, don a kore limfoma, a kuma duba Ki-67, alamar yawan ƙwayoyin da ke rarrabuwa, wanda yakan haura kashi 50 a wannan sankara alhali yana ƙasa sosai a carcinoid. Synaptophysin da chromogranin kuwa a cikin ƙwayar suke, ba a fatarta ba.

Wani likita daga Obalende ya ƙara da cewa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa. Abin da zan ƙara, 'yata, shi ne alamar da ke waje tana da wata daraja ta daban, domin magani yana iya riƙe ta. Wani furotin mai suna DLL3 yana fitowa a fatar ƙwayoyin fiye da kashi 80 na masu wannan cuta, kuma da ƙyar ake ganinsa a fatar lafiyayyun ƙwayoyi. Maganin farko da aka haɗa don ya kama shi, wato Rova-T, bai yi nasara ba, aka dakatar da shi a 2019. A watan Mayun 2024 hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta amince da tarlatamab, wanda ke kama DLL3 da hannu ɗaya, ya kama furotin CD3 na ƙwayoyin garkuwa na T da ɗayan, ya haɗa su gaba da gaba.

Ma'aikaciyar jinya daga Mile 12 ta ce:

Ranka ya daɗe, likita, a wajenmu wahalar tana farawa ne tun kafin a kai ga rini. Dattijon da ya daɗe yana shan taba, yana tari yana ramewa, sau da yawa maganin tarin fuka ake fara ba shi, alhali wannan sankara tana yaɗuwa da sauri zuwa hanta da ƙashi da ƙwaƙwalwa. Idan gwajin tarin fuka na GeneXpert bai nuna komai ba kuma tarin bai lafa ba, ya kamata a tura shi hoton CT da ciro nama ba tare da jiran ya gama watanni 6 na magani ba.