An goge mana daɓen katako an shafa sabon mai, yaya zan kula da shi?

Uwargida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar katako. Makon jiya aka gama gyaran daɓen falonmu da na ɗakunan kwana. Katako ne tun asali, ya tsufa ya yi duhu, duk ya ƙarje. Masu aiki suka zo da inji suka goge shi har farin katakon ya fito, suka shafa masa mai. Ya yi kyau ƙwarai, sai dai mai aikin ya tattara kayansa ya tafi, abin da kawai ya ce shi ne a bar shi ya sha iska. Kujeru da gadaje suna nan jibge a baranda, yara kuma sun matsa a shimfiɗa musu kafet. Yaushe zan mayar da kaya? Da me zan riƙa gogewa? Ina da mofa mai tururi da nake amfani da ita a tayil, ko za ta yi? Har yanzu ɗakunan suna ɗan wari.

Tsohon Kafinta:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa alheri. Kafin komai ki kira mai aikin ya gaya miki abin da ya shafa, ko ki duba gwangwanin in ya bar shi. Yawanci foliyuretan ne, wato man da ke kwanciya a saman katako ya bushe ya yi tauri ya kare shi, shi kuma iri biyu ne: mai haɗin mai da mai haɗin ruwa. Tunda har yanzu akwai wari, na fi zaton mai haɗin mai ne.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne, samansa yana bushewa da wuri. Bayan awa 24 za ki iya takawa da safa, ki taɓa ki ji ba ya danƙo. Amma cikinsa da saura. Mai haɗin mai yakan kai kwana 30 kafin ya gama yin tauri, mai haɗin ruwa kuwa mako ɗaya zuwa biyu. A wannan tsakanin duk abin da ya danne shi ko ya hana shi iska zai bar tabo.

Kujeru da gado za ki iya mayarwa tunda an kusa mako, amma ɗauka za a yi a ajiye, kada a ja ko taku ɗaya. Ki sayi ƙyallen nan mai kauri da laushi da ake mannawa a ƙafar kujera, ki manna wa kowace ƙafa, har ta teburi. Kafet kuwa yara su yi haƙuri sai wata ya cika. Mofa mai tururi ki bar wa tayil abinta. Tururi yana kutsawa ta tsakanin alluna, ya kumbura katakon, ya sa man ya yi fari-fari ya fara ɓarewa.

Maman Yara:
Ni dai ruwan ɗumi nake sa wa ɗan khal, wato binigar, in goge nawa, yana fita tas. Ki gwada, ba shi da wahala.

Tsohon Kafinta:
Maman Yara ki yi haƙuri, ban goyi bayan wannan ba. Khal yana da tsami, a hankali yake cin fuskar man. Ba za ki gani yau ko gobe ba, sai wata rana ki lura inda kika fi gogewa ya dusashe. Haka amoniya da bilic. Akwai ruwan goge daɓen katako da ake sayarwa, irin na Bona da makamantansa, wanda ba tsami ba kaifi. A ɗan fesa a jikin mofa mai laushi, a bi tsawon allon. In kin goge kika ga ruwa ya kwanta bai bushe cikin minti ɗaya ko biyu ba, ruwan ya yi yawa. A watan farko ma kada ruwa ya taɓa shi sam, busasshiyar mofa ta wadatar.

Maman Yara:
To fa. Shi ya sa ke nan gaban ƙofar kicin ya fi ko'ina dusashewa. Na gode Baba.

Hajiya Babba:
'Yata, ni abin da zan ƙara miki shi ne yashi. Ruwa ana ganinsa a goge, yashi kuwa ba a ganinsa, kuma duk ƙwayar da ta shiga ƙarƙashin takalmi samfefa ce. Ki ajiye abin goge ƙafa a bakin kowace ƙofa da ke fita waje, ki riƙa share wuraren da aka fi bi kullum da tsintsiya mai laushi. In injin zuƙar ƙura kike amfani da shi, ki kashe burushin nan mai juyawa, na kafet ne. Takalmi mai tsini kuma kada ya hau, musamman wanda robar ƙasansa ta cinye ƙusa ta fito, lotsa katakon yake yi ɗigo-ɗigo.

Idan lokacin kafet ya yi, ki duba bayansa. Masu bayan roba ko leda sukan manne da man, ranar da kika ɗaga ki tarar da zanen saƙarsa ya fito a daɓen, ba ya kuma goguwa. Sannan ki riƙa ɗan sauya masa wuri, domin rana tana canja launin katako, inda aka rufe ya bambanta da inda aka bari. Labule a tagar da rana ke bugawa yana taimakawa.

Mai Fenti:
Maganar Baba ta a tambayi mai aikin tana da muhimmanci, don akwai wani nau'in da ba foliyuretan ba: mai ne haɗe da kaki, irin na Osmo ko Rubio Monocoat, wanda ke shiga cikin katakon maimakon ya kwanta a sama. Shi sabulunsa daban, kuma ana sake shafa masa mai lokaci-lokaci. In kuwa foliyuretan ne, kada ki yarda wani ya ce ki shafa kaki ko man ƙara sheƙi. Zai yi ƙyalli na ɗan lokaci, amma ranar da za a ƙara sabon shafi ba zai kama ba, dole sai an sake gogewa da inji. Wani abu kuma: in za a yi fenti ko wani aiki a gidan, kada a manna salatif a daɓen, yana tasowa da man.

Baban 'Yan Biyu:
Katako yana sha yana fitar da laima ko da an shafe shi. Ƙungiyar masu daɓen katako ta Amurka, NWFA, tana ba da shawarar laimar ɗaki ta tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Idan iska ta bushe sosai za ki ga 'yan siraran tsaguna tsakanin alluna, kada ki cusa musu komai, suna rufewa da kansu in laima ta dawo. Wanda za ki damu da shi shi ne ki ga gefunan allo sun ɗago tsakiya ta lotsa. Wannan ruwa ne ke shiga ta ƙasa, sai a nemi inda yake yoyo. Tukunyar fulawa ma kada ta zauna kai tsaye a daɓen.

Uwargida:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira shi, ya ce mai haɗin mai ne, shafi uku. Sai dai yanzu na ga wani siririn layi fari kusa da ƙofa, da alama ƙaramin ya ja motar wasansa. In na shafa yatsa ba na jin rami. Me zan yi masa Baba?

Tsohon Kafinta:
Tunda yatsa ba ya jin sa, a saman man ya tsaya, bai kai katako ba. Kada ki kankare, kada ki shafa komai yanzu. Ki bari wata ya cika, sannan ki ɗiga ruwa kaɗan a wurin. In ya tsaya a dunƙule, man yana nan da ƙarfinsa, ki goge ki manta da shi. In ya shige katakon ya yi duhu, sai mai aikin ya dawo ya ɗan goga wurin ya taɓa da ragowar man. Ki ce ya ba ki sunan man ki rubuta ki ajiye, don bayan wasu shekaru, idan wuraren da aka fi takawa suka fara dusashewa, shafi ɗaya za a ƙara a sama ba sai an sake cin katakon da inji ba. Tagogi kuma ki riƙa buɗewa da rana in babu ƙura, warin zai tafi.