Shin ɗaukar bindiga a ɓoye yana rage kisan gilla, ko ƙara shi yake yi?

Malamin Firamare, Kawo:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana shari'a da tsaro a kan wata muhawara da ba ta ƙarewa a Amurka. Duk lokacin da aka yi harbin kan mai uwa da wabi a ƙasar, sai jama'a su rabu biyu, wasu suna cewa a tsaurara dokar mallakar bindiga, wasu kuma suna cewa da akwai mutumin kirki guda da ƙaramar bindiga a ƙugunsa, da an dakatar da maharin tun kafin ɓarnar ta yi yawa. A watan Mayun 2022 wani matashi ɗan shekara 18 ya kashe yara 19 da malamai 2 a makarantar firamare ta garin Uvalde da ke Texas, kuma wata guda bayan haka sai Kotun Ƙolin ƙasar ta soke dokar jihar New York da ta taƙaita yawo da bindiga, a makon da majalisar tarayya ta zartar da dokar tsaurara bincike a kan masu saye 'yan ƙasa da shekara 21. Wane ɓangare ne hujjarsa ta fi ƙarfi, kuma shin wannan muhawara tana da abin da za ta koya mana a Kaduna, inda ake ta kiran a bar talaka ya riƙi makami?

Lauya, Unguwar Rimi:

Wa alaikumus salam, Malam. Tushen lamarin yana cikin kundin tsarin mulkinsu, domin gyara na biyu da aka yi masa a 1791 ya ce ba za a tauye haƙƙin jama'a na mallaka da ɗaukar makami ba. An daɗe ana jayayya ko haƙƙin na rundunar sa-kai ta jiha ne ko na ɗaiɗaikun mutane, har sai a 2008 da Kotun Ƙoli ta yanke cewa na mutum ne a gidansa, sannan hukuncin 2022 da ka ambata ya fitar da shi zuwa titi da kasuwa. Yanzu fiye da rabin jihohi 50 ba sa buƙatar lasisi kafin baligi ya ɗauki bindiga a ɓoye, kuma ƙididdigar da cibiyar Small Arms Survey mai bincike a kan ƙananan makamai ta fitar a 2018 ta nuna fararen hula a Amurka suna riƙe da bindigogi kusan miliyan 393, wato sun fi mutanen ƙasar yawa.

Wannan ne ya sa abin da wasu ƙasashe suka yi yake da wuyar yiwuwa a can. Ostareliya ta haramta manyan bindigogi masu sarrafa kansu bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996, ta kuma saye kusan 650,000 daga hannun jama'a ta lalata. Birtaniya ta hana ƙananan bindigogi bayan kisan yara 16 da malamarsu a Dunblane, New Zealand kuma ta canza dokarta cikin wata guda bayan kashe masallata 51 a Christchurch a 2019.

A Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Fistol da bindigogin soja sai da izinin Shugaban Ƙasa, bindigar farauta sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma tana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Shi ya sa lokacin da gwamnatin Zamfara ta umarci jama'a su nemi bindiga a watan Yunin 2022, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi.

Tsohon Soja, Mando:

Barista ya yi bayanin doka, ni kuma zan yi magana a kan abin da ke faruwa idan harsashi ya fara tashi. Masu goyon bayan ɗaukar bindiga suna da misalai na gaskiya, bai kamata a raina su ba. A Yulin 2022, a wata babbar kasuwa da ke Greenwood a jihar Indiyana, wani matashi ɗan shekara 22 ya harbe maharin da ya riga ya kashe mutum 3, kuma babu shakka ya ceci rayuka. Amma a Uvalde ɗin nan jami'an tsaro 376 ne suka hallara da makamai, suka yi minti 77 kafin su kutsa ajin. A harin da aka kai wani kanti a birnin Buffalo na jihar New York, mai gadin kantin tsohon ɗan sanda ne, ya yi harbi ya samu maharin, sai dai rigar sulke ta tare harsashin, shi kuma aka kashe shi. A Arvada ta jihar Kolorado, a 2021, wani farar hula ya kashe ɗan bindiga, ɗan sandan da ya iso ya gan shi riƙe da makami ya ɗauka shi ne maharin, ya harbe shi har lahira.

Wanda bai taɓa jin ƙarar harbi a kusa da kunnensa ba yana zaton lamarin saiti ne kawai. Hannu yana rawa, baki yana bushewa, ido ba ya ganin komai sai abin da ke gabansa, kuma mu da aka horar shekara da shekaru muna kuskuren saiti a irin wannan hali, balle ɗan kasuwar da ya je filin koyon harbi sau ɗaya. Ku ɗauki Kasuwar Barci ranar da ake jajibirin salla, a ce an ji harbi, mutum goma sun zaro fistol a lokaci guda, kowa cikin babbar riga. Wa zai gaya wa ɗaya cewa sauran tara ba su ne maharan ba?

Manomi, Birnin Gwari:

Yallabai, ina girmama shekarunka a bakin aiki, amma duk misalan nan na ƙasar da ake kiran 'yan sanda su zo cikin mintuna ne. Mu ba mahaukaci ɗaya ke shigo mana ba, ayarin babura ne, kowane babur da mutum biyu ko uku da AK-47, kuma sukan yi sa'o'i suna kwasar shanu da mata kafin a ga motar jami'an tsaro. Waɗanda suka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris na 2022, da waɗanda suka kwashe ɗalibai a Afaka da Kuriga, babu wanda ya nemi lasisi a cikinsu. Doka ta ɗaure mai bin doka ne kaɗai. Ni ba na neman a ba ni fistol in sa a aljihu in shiga kasuwa, abin da nake nema shi ne a yarda ƙauye ya sami mutane sanannu, waɗanda mai unguwa da limami suka tsaya musu, a yi musu rajista, a ba su makamin da ya fi bindigar toka.

Ma'aikaciyar Jinya, Barnawa:

Ƙanena na Birnin Gwari, Allah ya kawo muku sauƙi, babu mai hankalin da zai ƙaryata abin da ka faɗa. Sai dai ina so Malam mai tambaya ya lura da wani adadi da harbe-harben makarantu ke rufewa. A 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu su ne suka kashe kansu, yayin da kisan gilla irin na Uvalde ɗan ƙaramin kaso ne ƙwarai. Yawancin ɓarnar bindiga a gida take faruwa, tsakanin miji da mata, ko a hannun yaron da ya buɗe durowar mahaifinsa, ko a daren da baƙin ciki ya rufe mutum. Mu da ke karɓar masu rauni mun san bambancin: wanda 'yan sara-suka suka sara da adda sau da yawa ana ɗinke shi ya koma gida, wanda harsashi ya ratsa cikinsa kuwa sai an nemi jini leda bayan leda, idan ma ya iso da rai. Garin nan ya ga rikicin 2000 da na 2011, kuma ina tsoron abin da zai faru idan irin wannan fitina ta tashi alhali kowane gida da fistol.

Lauya, Unguwar Rimi:

Hajiya ta taɓo inda binciken ya fi ƙarfi, domin nazarin John Donohue na Jami'ar Stanford ya nuna laifukan tashin hankali sun ƙaru da kashi 13 zuwa 15 cikin 100 bayan shekara 10 a jihohin da suka sassauta dokar yawo da bindiga, ko da yake masu adawa suna sukar hanyar lissafinsa. Buƙatar ɗan'uwanmu manomi kuwa wata aba ce dabam, kuma ta fi kusa da hukumar 'yan banga ta KADVIS da jihar nan ta kafa da doka. Abin dubawa a nan shi ne tarihin 'yan sa-kai a Zamfara, inda kisan da aka riƙa yi wa makiyaya a kasuwanni ba tare da shari'a ba ya zama ɗaya daga cikin dalilan ramuwar gayya, aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Idan har za a ba irin waɗannan mutane makami, dole ne doka ta fayyace wanda ke riƙe da makullin ma'ajiya, da wanda ke ƙirga harsasai safe da yamma, da kotun da za ta tuhumi wanda ya harbi mutum a kan tsohuwar gabar gona.