Tiraka mai kashe inji daga waya: in sa ko in haƙura?

Baban Ihsan: Salamu alaikum. Na sayi RAV4 'yar Kwatano, irin wadda ake tayarwa da maɓalli. Mai wayarin ya ce in sa tiraka (na'urar da ke nuna inda mota take) mai layin waya, wadda zan iya kashe inji daga duk inda nake. Damuwata ita ce shi zai haɗa, shi zai buɗe min asusun. Wa zai tabbatar min maganata ni kaɗai motar za ta riƙa ji?

Sani Kurna: Sa kawai, Alhaji. Dubu 45 aka sa min.

Maman Walida: Dubu 45 a ina? Mu 120 muka biya, ban da kuɗin shekara.

Injiniya Bello: Tambayarsa fa ba ta kuɗi ba ce. Na'urorin cikin mota suna magana da juna ta wayoyin da ake kira CAN, tsarin da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986, kuma ba ya tambayar wa ya aiko saƙo. A 2022 aka sace wata RAV4 a Landan ta wajen fitilar gaba: suka zaro wayoyin, suka aika saƙon ƙarya cewa makulli na kusa, ƙofa ta buɗe. Ita tirakar ma wata ƙofar ce. A 2019 kamfanin tsaron kwamfuta na Avast ya gano dubban ɗaruruwansu da lambar sirri 123456. Ranar da aka haɗa, canza lambar da hannunka.

Ɗan Asabe: Ni ba a Landan aka yi min ba, a ƙofar masallaci ne ranar Juma'a. Na fito na tarar da gurbin mota da takalman yarona da ya bari a gefen taya. Na buɗe waya jikina na rawa, taswira ta nuna motar tana nan ba ta motsa ba. Ashe tirakar ce suka cire suka jefa a kwata. Wanda ya san inda aka ɓoye ta mutum ɗaya ne, wanda ya sa ta. Na je shagonsa, ya rantse da Allah. Shekara uku ina biyan bashin motar da ba ni da ita.

Maman Walida: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri.

Sani Kurna: Amma ba ka da shaida a kan bawan Allahn nan. Ɓarayi sun san maɓoyar, kusan kowa ƙarƙashin sitiyari yake sawa.

Ɗan Asabe: Kai da ba a taɓa ɗauke maka ko madubi ba, bar ni da wanda ya ɗanɗana.

Garba Direba: Ku zo ku sayi tawa, sai an tura take tashi. Ɓarawo ɗaya ba zai iya ba, sai ya zo da mutum huɗu.

Baban Ihsan: Injiniya, in na canza lambar, mai wayarin ba zai iya shiga ba ke nan?

Maman Walida: Ka fara tambayar da sunan wa aka yi rajistar layin da ke ciki. Namu an rufe shi saboda ba a haɗa da NIN ba, wata biyu muna yawo da matacciyar tiraka ba mu sani ba.

Garba Direba: Kar ki tuna min. Kwana uku ina bin layi a ofishinsu, kullum a ce sabis ya ɗauke.