Neman kalmar Hausa: kuskuren da ba a yi suka a kansa ba a kotun farko

Mai fassara: Salamu alaikum, malamai da baristoci. Ana neman Hausar abin da kotunan tarayyar Amurka ke kira "plain error". Ƙa'ida ce ta 52(b) a dokokin shari'ar laifi: alƙali ya yi kuskure, lauyan wanda ake tuhuma bai yi suka ba, sai aka zo ɗaukaka ƙara. Na ga an rubuta "mummunan kuskure" ko "baram-barama". Me kuka gani?

Barista: Wa alaikumus salam. Malam, duka biyun za su ɓatar da mai karatu, domin girman kuskure suke nunawa, ita kuwa ƙa'idar fitowarsa fili take nufi. Dubi shari'ar Rosales-Mireles ta 2018. Wajen lissafin tarihin laifukan wanda ake tuhuma aka ƙirga wani tsohon laifi sau biyu, sai ma'aunin ɗauri ya zama wata 77 zuwa 96 maimakon 70 zuwa 87, aka ɗaure shi wata 78. Kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi gyarawa, wai kuskuren bai kai mai girgiza zuciya ba. Kotun Ƙoli ta ce wannan sharaɗi na girgiza zuciya ya yi tsauri. To ka ga kuskuren lissafi ne kawai, ba wanda zai kira shi baram-barama, amma ya cancanci gyara. Ni "bayyanannen kuskure" na zaɓa.

Malamar shari'a: Na goyi bayan Barista, sai dai a san sunan rabin labari ne. Shari'ar Olano ta 1993 ta shimfiɗa matakai huɗu. A samu kuskure. Ya zama bayyananne, ba wanda masana za su yi ta jayayya a kai ba. Ya taɓa muhimman haƙƙoƙin wanda aka ɗaure, kuma shi ne zai nuna cewa da ba don kuskuren ba, akwai yiwuwa mai ma'ana sakamako ya bambanta. Da lauya ya yi suka tun a kotun farko, nauyin nuna rashin illa da yana wuyan gwamnati. Na huɗu, ko an cika ukun nan, kotu na da zaɓi, ba ta gyarawa sai ta ga barin kuskuren zai zubar da adalci ko mutuncin shari'a a idon jama'a. Shi kansa Olano bai yi nasara ba, duk da an yi kuskuren barin masu jiran gado cikin masu taya alƙali yanke hukunci sun zauna a ɗakin shawara.

Mai fassara: Hajiya, to "kuskuren da alƙali ya gani ya kau da kai" fa?

Malamar shari'a: A'a. Shari'ar Henderson ta 2013 ta ce ya wadatar kuskuren ya bayyana a lokacin da ake sauraron ɗaukaka ƙara, ko da doka ba ta daidaita ba ranar da alƙali ya yi hukunci. Wannan fassara za ta ɗora masa laifin da ba lallai ya yi ba.

Barista: Akwai wata gaɓa da ke rikita ɗalibai. Lauyan da ya yi shiru bisa sakaci daban yake da wanda ya miƙe ya ce ya amince. Na farko haƙƙi ya suɓuce masa, ƙofar 52(b) a buɗe take. Na biyu ya yafe da bakinsa, babu sauran kuskuren da za a duba. Mu ce "suɓucewar haƙƙi" da "yafe haƙƙi". A guji "sarayar da haƙƙi", kunne na iya ɗaukarsa ta kowane ɓangare.

Magatakardan kotu: Ranku ya daɗe, a kula kar a jingina sunan ga kotunan Najeriya. A nan sabon batu sai an nemi izinin kotun ɗaukaka ƙara, in ban da batun hurumi da ake iya tayarwa a kowane mataki.

Mai fassara: Madalla. Na rubuta "bayyanannen kuskure" ga 52(b), "kuskure marar illa" ga 52(a), wato ƙa'idar da ta ce a ƙyale kuskuren da bai taɓa muhimman haƙƙoƙi ba, sai "suɓucewar haƙƙi" da "yafe haƙƙi". Allah ya saka da alheri.